DAGA ZAUREN ZANGO: ZUMUNTA A ƘAFA TA KE

 

Tun watan jiya magana ɗaya ce ta cika zaure. Waɗansu samarinmu sun ƙulla shawara, wai baɗi in sun sami hutu za su tafi Faransa su yi kwana goma suna tafiyar ƙasa, daga ƙauye zuwa ƙauye, kowa da jakarsa a baya. Sun kuma nemi a taimake su da wani abu daga asusun zango. Dattawa da suka ji sai dariya, suka ce yau ga abin mamaki, mutum ya biya kuɗin jirgi, ya biya kuɗin biza, don ya je ya sayi wahalar da kakansa ya yi ta roƙon Allah ya raba zuriyarsa da ita. Samari kuwa suka ji haushi, suka ce dattawa ba su san inda duniya ta sa gaba ba. To, da ya ke maganar ta taɓa kuɗin jama'a, ta kuma taɓa lafiyarmu da tarihinmu, mun ga ya kamata mu baje ta a wannan fili, kowa ya ga iyakarta kafin ranar taro.

YADDA ABIN YA KE A FARANSA

Da farko dai mu san abin da a ke gardama a kansa. A cikin 1936 Gwamnatin Faransa ta kafa doka cewa kowane ma'aikaci yana da hutun mako biyu a shekara, ana kuma biyansa albashinsa. Talakawan birni da suka sami wannan hutu, ga shi ba su da kuɗin manyan masaukai, sai da yawa suka riƙa fita karkara, waɗansu a kan keke, waɗansu da ƙafa. Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1947, aka kafa wani kwamiti don ya bi tsofaffin hanyoyin makiyaya da na manoma da na masu ziyara, ya haɗa su, ya sa musu alama da lamba. Irin waɗannan dogayen hanyoyi su a ke kira GR, watau hanyar babbar tafiya.

Alamar kuwa ba wani abu ba ce mai wuya. Zane biyu ne na fenti, fari a sama, ja a ƙasa, a jikin itace, ko dutse, ko bangon gida. In ka ga zanen nan biyu sun gicciye juna, to, ka saki hanya, sai ka juya. Mutane dubbai ne su ke bin hanyoyin nan da gwangwanin fenti suna sabunta alamu, ba a biyansu ko anini. Saboda haka baƙon da bai san kowa ba, bai kuma iya Faransanci ba, ya kan yi tafiyar wata guda bai ɓace ba.

Hanyar da samarinmu su ke nufi ita ce mai lamba 65. Tana bi ta wani gari mai suna Le Puy, a tsakiyar duwatsun kudancin ƙasar, ta hau tudun Aubrac inda a ke kiwon shanu, ta gangara Conques, ta bi ta Figeac, da Cahors, da Moissac, har Saint-Jean-Pied-de-Port a gindin duwatsun da suka raba Faransa da Sifen. Tsawonta daga Le Puy wajen kilomita 750 ne, mai ƙarfi ya kan gama ta cikin wata guda ko fiye kaɗan. Yawancin masu hutu ba su yin duka. Su kan yanki daga Le Puy zuwa Conques, wajen kilomita 200, su yi shi cikin kwana goma, kuma wannan yanki ne namu su ke so.

Ga yadda yini ya ke. A tashi da sassafe, a sha shayi ko gahawa da burodi, a kama hanya. A yi kilomita 20 ko 25, watau tafiyar awa shida ko bakwai har da hutawa. Kafin la'asar an isa ƙauye na gaba, inda akwai masaukin matafiya mai araha, gadaje da yawa a ɗaki guda. Kowa ya wanke tufafinsa da hannunsa ya shanya, da almuru a zauna kan dogon tebur a ci abinci tare, likita kusa da makaniki, ba wanda ya san matsayin wani. Wanda ba ya iya ɗaukar kaya, akwai motoci masu kai jaka daga masauki zuwa masauki in ya biya.

Akwai kuma wata hanya kusa da can, mai lamba 70, wadda a ke kira da sunan wani marubuci mutumin Sikotilan, Robert Louis Stevenson. A 1878 ya yi kwana 12 yana ratsa duwatsun Cévennes, shi da jakarsa mai ƙafa huɗu tana ɗauke masa da jakarsa ta kaya, ya dawo ya rubuta littafi a kan tafiyar. Har yanzu akwai masu ba da hayar jakuna a wannan hanya. Dattawanmu su lura, Bature ma ya san darajar jaki.

WATA ƘASAR FARANSA DA MUKA RIGA MUKA TAKA

To, dariyar dattawa tana da tushe. Mu jikokin masu tafiyar ƙasa ne, kuma wannan ba shi ne karo na farko da ƙafar Bahaushe za ta ratsa ƙasar Faransa ba. A zamanin kakanninmu, in an ce mutum ya shiga ƙasar Faransa, ana nufin ya ƙetare iyaka ya shiga inda Faransawa ke mulki. Sun kama Damagaram a 1899. A 1900 suka yi yaƙi da Rabe a Kusuri, Rabe ya mutu, shugaban sojansu Lamy shi ma ya mutu, suka kafa gari a ƙetaren kogi suka sa masa suna Fot Lami, shi ne Njamena ta yau, sunan da ya samu a 1973. A 1909 suka shiga Abeshe, babban birnin Wadai. Saboda haka duk wanda ya tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da niyyar Makka ta hanyar gabas, tilas ya ratsa ƙasar Faransa kafin ya ga Sudan.

Hanyar kuwa ga ta. Daga Kano a nufi Barno, wajen kilomita 600 kafin Yarwa. Daga nan a ƙetare zuwa Fot Lami, a bi ta Ati zuwa Abeshe, a wuce Adire a shiga Darfur ta Junaina, sa'an nan Fashir, da Nahud, da Al-Ubayyid, inda jirgin ƙasa ya iso a 1912. Mai kuɗi ya hau jirgi, maras kuɗi ya ci gaba da ƙafa har Kosti da Sinnar, daga bisani Sawakin ko Bur Sudan, a shiga jirgin ruwa a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Ko a miƙe aka auna, kamar tashin tsuntsu, tsakanin Kano da bakin Bahar Maliya ya fi kilomita 3,000. Hanyar nan ta Faransa mai lamba 65, daga Le Puy har Saint-Jean-Pied-de-Port, kimanin tsakanin Fot Lami da Abeshe ce kawai. Kwana goman da samarinmu ke shiri kuwa, in a wancan zamani ne, ko rabin hanyar Barno ba su kai ba.

Kuma ba da jakar baya da takalmin roba aka yi ta ba. An yi ta da mata masu goyo, da tsofaffi, da yara ƙanana, da jaki ɗaya ko takarkari in Allah ya hore. Guzuri ya kan ƙare tun ba a yi nisa ba, sai a tsaya a yi noma damina guda, ko ɗinki, ko wanzanci, ko koyar da allo, ko sayar da ruwa, a sami abin ci gaba. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, dubban mutanenmu suka tsaya can ƙodago. Waɗansu suka yi shekara uku a hanya, waɗansu bakwai, waɗansu har yau jikokinsu suna can, ana ce da su Fallata ko Takari. Waɗanda suka isa Hijaz suka zauna kuwa, zuriyarsu ce ta ke amsa sunan Hausawi.

Akwai kuma waɗanda gudun mulkin Nasara ya fitar. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya yi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, aka tare su a Burmi, ya yi shahada a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da waɗanda suka ragu har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno ya ke har yanzu.

Kada kuwa wani yaro ya ji wannan labari ya ɗauka daɗi ne. Ƙishirwa ta kashe mutane, agana da zazzaɓi sun kashe, 'yan fashi sun kashe. Akwai kaburbura a wannan hanya da ba wanda ya san masu su. Akwai iyayen da aka raba da 'ya'yansu aka sayar, gama ba a hana bauta a nan Katar ba sai 1952, a Saudiyya kuwa sai 1962. Wanda ya ke so ya ga yadda cinikin bayi ya taɓa wannan yanki, ya je Gidan Bin Jalmud a Mushairib, nan cikin Doha, an baje labarin a fili. Don haka da motoci suka fara kai alhazai bayan yaƙin duniya na biyu, jirgin sama kuma ya fara tashi da su daga Kano a shekarun 1950, ba wanda ya yi kukan rabuwa da tafiyar ƙasa. In tsoho ya yi dariyar mai sayen tafiya da kuɗi, abin da ya ji daga bakin uwarsa ne ya ke tunawa.

'Yan'uwanmu da iyayensu suka fito daga zangunan Gana su ma suna da tasu hanya. Fatake ne suka riƙa tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu, su yi wata biyu ko uku kafin su isa Gwanja su sayo goro a Salaga. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, mutanenta suka bazu Karachi da Kumasi da Ankara. Wannan kalma ma da mu ke kiran kanmu da ita, zango, asalinta wurin da ayari ke sauke kaya ne ya kwana. Ashe duk wanda ya ce shi ɗan zango ne, ya riga ya shaida cewa gidansu matafiya ne.

ABIN DA SUKA RIƘE, MU MUKA SAKI

Yanzu sai mu juya ga samari, gama su ma suna da gaskiyarsu. Faransawa sun ɗauki hanyoyin kakanninsu sun share, sun shafa musu fenti, sun rubuta tarihin kowace gada da kowace rijiya, har a 1998 Hukumar UNESCO ta sa hanyoyin ziyararsu cikin kayan tarihin duniya. Yaron Faransa yana iya sa ƙafarsa daidai inda na shekara dubu da suka wuce suka sa tasu. Mu fa? Wa ya shafa wa hanyar Abeshe fenti? Yau ko mai niyya ba shi da ikon binta, gama yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilu 2023 ya lalata Junaina da Fashir, ya kori mutane ba iyaka, cikinsu har da danginmu. Allah ya kawo musu sauƙi. Abin da ya rage mana na wannan hanya yana cikin kawunan tsofaffi ƙalilan, kowace shekara kuwa muna kai waɗansunsu makwanci. Ku gwada ku tambayi ɗan shekara goma sha biyar a gidanku ta wane gari kakansa ya shiga Sudan, ku ji amsa.

Na biyu, mu dubi jikinmu. A nan Doha mutum ya kan fita daga ɗaki mai na'urar sanyi, ya shiga mota mai sanyi, ya sauka a ofis mai sanyi, ya dawo haka. Masallacin da ke bayan gida ma da mota a ke zuwa. Gaskiya ne zafin nan ba na wasa ba ne, tun da Hukuma da kanta ta hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Amma zaman da zafi ya koya mana wata huɗu, mu muka mai da shi na wata goma sha biyu. Binciken lafiya da aka yi a ƙasar nan a 2012 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin shida na manyan 'yan ƙasa yana da ciwon sukari. Mu kuwa shinkafarsu mu ke ci, shayinsu mai zaƙi mu ke sha, zamansu mu ke yi. Kowa ya ƙirga gidajen zango da a ke ajiye allurar sukari a firiji, sa'an nan ya ƙirga masu hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, watau rabin awa sau biyar. Mutum nawa ne a cikinmu ke cika wannan?

Na uku, zumunci. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. Yanzu mun mai da ita a yatsa. Ana haihuwa a aika da saƙo ta waya, ana rashin lafiya a aika da hoton addu'a, mutum ya shekara bai taka ƙofar ɗan'uwansa ba, alhali tsakaninsu bai fi tafiyar minti ashirin ba. Samarin nan da su ke so su yi kwana goma suna tafe tare, suna ci tare, suna jiran wanda ya gaji, wani abu ne su ke nema wanda suka rasa a gida. Bai kamata mu kore su da dariya ba.

SHAWARA GA MASU TAFIYA

Ga abin da mu ke gani. Wanda ya ke da hali ya tafi, tafiya mabuɗin ilmi ce. Amma asusun zango ba na wannan ba ne. An kafa shi don jana'iza, da majinyaci, da wanda aiki ya ƙare masa ba shi da kuɗin komawa gida. In aka buɗe shi don hutu sau ɗaya, ba mai iya rufe shi kuma. Samari su yi adashi tsakaninsu tun daga wannan wata, kafin baɗi sun tara abin da zai ishe su, kuma tafiyar da mutum ya tara kuɗinta da guminsa ta fi daɗi.

Sa'an nan su yi tsari irin na ayari. Fatake ba su tashi sai da madugu, wanda shi ke cewa a ɗaura, shi ke cewa a sauke, shi ke magana da masu gari. Suna da jagaba mai shiga gaba ya duba hanya, suna da malami mai riƙe lissafi da addu'a. Ku zaɓi naku tun a nan, ku yarda da su, kada a je tsakiyar duwatsu a fara gardamar wa ya fi wa. Ku sa doka ɗaya wadda ba a taɓawa: da ƙafar mafi rauni a ke auna tafiya, ba a barin kowa a baya.

Ku nemi biza da wuri, ku kama masauki tun kafin ku tashi, gama a watannin Mayu da Yuni da Satumba, waɗanda su ne lokacin da ya fi kyau, gadaje su kan cika. Kada kowa ya tafi da sabon takalmi. A saye shi yanzu a yi ta takawa har ya saba da ƙafa. Kaya kada su wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyin mai ɗauka. Ku tuna a ƙasar nan tudun da ya fi kowane tsawo mita 103 ne, Aubrac kuwa ya haura mita 1,300, akwai ruwan sama da hazo da sanyi ko a cikin Yuni. Wanda bai taɓa hawan abin da ya fi matakalar bene ba, ya fara koyo.

Batun abinci, ku sani naman alade ya yi yawa a ƙauyukan can, har a cikin miya da wake a kan sa shi. Ku gaya wa mai masauki tun da wuri. Burodi, da cuku, da ƙwai, da kifi, da dankali, da adas wanda Le Puy ta yi suna da shi, sun isa su riƙe matafiyi. Batun salla kuwa, ku zauna da malam kafin ku tashi ya warware muku hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, ku kuma sani a watan Yuni rana ba ta faɗuwa can sai bayan ƙarfe 9 na dare.

Akwai abu guda da ba za mu ɓoye ba. Hanya mai lamba 65 asalinta hanyar ziyarar Kirista ce zuwa Santiyago a ƙasar Sifen, tun wajen shekara ta 950 da wani babban limaminsu na Le Puy ya yi wannan tafiya. Yau da yawa daga masu binta hutu kawai ya kai su, amma za ku yi ta wuce majami'u da gicciye a bakin hanya, waɗansu masaukai ma na 'yan coci ne. Ku girmama mutane da wurarensu, ku riƙe naku. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, ga hanyar Stevenson nan, ita ba ta ziyara ba ce.

SHAWARA GA SAURANMU

Da rarrafe yaro kan tashi. Kafin kowa ya ga Faransa, muna kawo shawara zango duka ya taka ƙasar da ya ke zaune a kai. Daga Nuwamba zuwa Maris Allah ya ba mu iska mai daɗi a nan. Kurnish kilomita 7 ne daga wannan kai zuwa wancan. Ga lambun Bidda, ga na Aspire, ga bakin teku na Wakra, ga itatuwan cikin ruwa na Zakira kusa da Khor, ga kangon Zubara a arewa wanda UNESCO ta sa cikin lissafinta a 2013. Da yawa cikinmu an haife su a nan, ba su taɓa ganin waɗannan wurare ba sai ta tagar mota.

Ga lissafi mai sauƙi. In mutum 40 suka fito kowace Asabar bayan sallar asuba, kowa ya taka kilomita 5, mun tara kilomita 200 a mako. Cikin mako 15 mun tara 3,000, watau kimanin abin da kakanninmu suka taka daga Kano har Al-Ubayyid inda su ke samun jirgin ƙasa. In mun fara Asabar ta farko ta Nuwamba, mako na 15 zai faɗo daidai wajen Ranar Wasanni ta ƙasa, wadda a ke yi Talata ta biyu ta Fabrairu tun 2012, ranar kuwa ba aiki. Sai mu kafa taswira a bangon zaure, kowane mako a matsa alama gaba. A mako na uku mun sauka Yarwa, wajen na takwas muna Abeshe, haka har mu isa.

Kowane zango da muka kai a taswira, in an gama tafiya an shimfiɗa tabarma an kawo shayi da ƙosai, sai a ba wani dattijo ko wata gwaggo fili su faɗi abin da suka ji daga iyayensu game da wannan wuri: wa ya mutu a can, wa aka haifa, wace sana'a aka yi, shekara nawa aka zauna. Yara 'yan makaranta su ɗauka da waya, su kuma rubuta a littafi da Hausa, a ajiye a zaure. 'Yan'uwanmu na Gana su kawo nasu labarin hanyar Gwanja a sanyin da ke biye. Ta haka dattijon da ya yi dariya zai zama shi ne malamin ayari, saurayin da ya ji haushi ya zama jagaba.

Iyayenmu mata kada a bar su a gida da tukunya. Su ne suka fi kowa zama wuri ɗaya, su ne kuma suka fi riƙe labarin hanya. A yi musu rukuninsu da madugarsu, su tafi da saurin da ya dace da su. Tsohon da ba ya iya kilomita 5 ya yi ɗaya, za a rubuta masa. Mai ciwon sukari ko na zuciya ya ga likitansa tukuna, ya riƙa duba tafin ƙafarsa bayan kowace tafiya, ya kuma riƙe dabino a aljihu. Kowa ya zo da gorar ruwansa. In azumi ya shigo cikin makonnin nan, sai a mai da fitar bayan asham.

Samarin da ke shirin Faransa kuwa, mu sa musu sharaɗi: duk wanda bai cika mako 12 cikin 15 ɗin nan ba, kada madugu ya rubuta sunansa. In sun dawo kuma, muna so su tsaya a zaure su ba da labari filla-filla, abin da suka kashe, da abin da ya ba su wuya, da yadda mutanen can ke gyaran hanyoyinsu, don na baya su ƙaru.

Za a kawo maganar nan gaban jama'a a taron wata mai zuwa bayan sallar Jumma'a. Wanda ya ke da gyara ko ƙari ya rubuto, za mu buga. Wanda ya ke so a sa sunansa cikin mutum 40 na farko ya gaya wa magatakarda. Masu motoci manya kuma muna roƙonsu su taimaka da ɗaukar tsofaffi zuwa wurin tashi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya, ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai matafiya ya dawo da su. Haza wassalam.